Ranar da Mai Gona Ya Jira Ni

Port Antonio, Jamaika
Disamba, 1944

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya ƙanwata Eulalee? Ni lafiya lau, kada ki damu. Jiragen ayaba sun daina zuwa saboda yaƙi, guguwa kuma ta kwantar da gonaki, amma ba kullum nake wuni da yunwa ba. Wuyana ma ya huta da dako.

Mama, ranar Alhamis na yi zaɓe, karo na farko da aka ba kowa dama. Ni ɗin nan, mai ɗaukar ayaba a ka, wadda ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa. Ke kin samu zuwa kuwa?

Ina cikin layi sai ga Busha Pennicott, Baturen nan mai gonakin da muke wa lodin ayaba. Ƙafafuna da kansu suka kauce masa, yadda muka saba. Sai tsohuwa Miss Vie, abokiyar dakona, ta fizgo rigata.

"Ina za ki, 'yar nan? Koma wurinki. Nan ba gonarsa ba ce."

Na koma wurina. Ya tsaya a bayana cikin rana yana fifita da hularsa, har na shiga. Takardata da tasa akwati ɗaya suka faɗa, kuma girmansu ɗaya. Har yanzu abin bai sake ni ba.

Na san zai iya hana ni aiki idan jirage suka dawo. Ki sa ni a addu'a.

In kin je kabarin Baba, wanda ya yi shekara arba'in yana saran rake ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, ki gaya masa Busha ya jira 'yarsa.

'Yarki,
Icilda