Biyu Aka Rubuta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin? Ya 'yarki da karatun jarrabawa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Na san halin gidanki, da na kira sai ki buɗe murya kowa ya sha labari, har maƙwabta. Shi ya sa na ba wata da za ta zo gida ta miƙa miki hannu da hannu.

Yau watanmu uku a ƙasar waje. Gidan da muka samu a hawa na huɗu yake, ɗaki biyu da falo, sai wani ɗan kicin da in na shiga sai dai na fito da baya. Wanki a can ƙasan bene ake yi, kowa da ranarsa a jikin allo, tawa Laraba ƙarfe biyu. Ran da na makara da minti goma, tarar da kayana na yi an jibge su jiƙe a kan kujera. Akwai wata tsohuwa a ƙarƙashinmu, da yarana Ummi da Auta sun ɗan yi tsalle sai ta hau dukan silin da sanda. Ni da kika sa wa suna Sarkin Tsiwa, ga baki ga magana, amma babu yaren da zan rama da shi! Sai dai in mun haɗu a matakala na yi ta yaƙe kamar sakarya.

Abin da ya sa nake shanyewa shi ne Auta. Tun da muka zo sau ɗaya ciwonta na sikila ya tashi, kuma kwana biyu muka yi a asibiti aka sallame mu. Sun ɗora ta a kan magani, duk wata ana duba ta. Kin tuna yadda muke kwashe mako uku tana ihu? Yanzu har kumatu ta yi.

Maigidana Likita kuwa, har gobe dai jini yake gwadawa a asibiti, likitancin a bakinku ya tsaya. Duk mako ba ma ganinsa sai a gajiye, amma Asabar ba ta wuce shi. Ya rantse sai mun ga ƙasar nan kaf. Mun hau wata hasumiya mai matakala ɗari uku, na isa sama ina haki kamar wadda kare ya biyo. Mun je gidan namun daji. Mun shiga jirgin ruwa, ni dai amai na sha har aka dawo. Ko'ina muka je sai ya jera mu ya ce mu yi dariya, kafin na gyara ɗankwali hoton ya isa wurin dangi.

A ƙofar gidan namun dajin tikitin iyali ya saya, na manya biyu da yara uku. Mai sayarwar ta leƙo ta taga tana neman na ukun. Wallahi Yaya ban ga zakin da aka kai ni gani ba, hankalina yana can gidanki.

Da 'yar taki ta gama jarrabawa za mu shigar da takardunta. Na bar mata gefen taga a ɗakin yara, har katifa na saya. Ki aiko min da lambar ƙafarta zan saya mata takalmin sanyi. Ki ce mata ta dage da karatu, kin san ni ba zan iya faɗa mata da bakina ba.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sarkin Tsiwa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki. Ya jikin naki? Na ji 'yarki ta ci jarrabawa, Allah ya yi mata albarka, ya saka miki da alheri. Wannan wasiƙar ki karanta ta ke kaɗai, in kin gama ki ɓoye.

An hana ta zuwa, Yaya.

Kin tuna ranar da aka cike mana takardun tafiya a falon surukina? Au, ashe ba kya nan, bari na gaya miki. Baffa, ƙanin mahaifin Likita, shi ya riƙe biro, wai shi ne ya yi aikin ofis. Falo cike da surukai. Da ya zo wurin 'ya'ya ya ɗaga kai ya tambayi nawa zai rubuta. Likita ya sunkuyar da kai gaban mahaifinsa. Ni ma na sunkuyar, ina ni ina ƙirga 'yar fari gaban surukai, ni da ko sunanta ban taɓa kamawa ba? Surukata ta ce a rubuta biyu, babbar ai taki ce, kuma ba da ita za a tafi yanzu ba. Aka yi dariya, ana ta yaba kunyarmu, wai irinmu sun yi ƙaranci. Muka sa hannu. Ashe a ƙasan wurin an rubuta cewa a faɗi duk ɗan da aka haifa, ko za a tafi da shi ko ba za a tafi ba. Ko Baffa ya gani ko bai gani ba, Allah masani.

Mun je wurin lauya, wata mata mai tabarau. Na zube mata takardar haihuwa da katin asibiti. Ta ce ba musun haihuwar hukumar ƙasar take yi ba, ai nan gizo yake saƙar: in 'yarmu ce, to ƙarya muka yi musu tun farko. Na sa mai fassara ya yi mata bayanin riƙo da kunyar ɗan fari. Ta cire tabarau ta tambaye ni dalilin da zai sa mace ta ji kunyar ɗan da ta haifa.

Hanya biyu ta nuna mana. Ko mu yi shiru, yarinya ba za ta taɓa zuwa a ƙarƙashinmu ba. Ko kuma ɗayanmu ya je ofishin baƙi, wato na shige da fice, da ƙafarsa ya ce mun ɓoye 'ya. Suna iya yafewa su karɓe ta, suna kuma iya ƙwace takardunmu mu huɗu su ce mu tattara. Kuma dole a yi kafin ta cika sha takwas, saura wata biyu.

Likita ya ce a bar kaza cikin gashinta. Wai in ta yi digiri ta nemi hanyarta da kanta, ai mutane suna yi. Ji fa! Kamar 'yar maƙwabta ake magana. Na zage shi tas, ban rage komai ba, har tsohuwar ƙasa ta buga sandarta. Sai ya nuna min kwalbar maganin Auta a kan firji ya shige ɗaki.

Kin san me ya yi da Asabar ta zo? Ya ce mu shirya, gidan tarihi za mu. Muka yi ta zagaye muna kallon tsofaffin cokula. Akwai wata fasasshiyar tukunya a cikin gilashi, an rubuta mata asalinta kaf, ga mai gadi a tsaye a kanta. Tukunya ma an san inda ta fito, Yaya. A nan ya jera mu ya ce mu yi dariya, kuma na yi. Don Allah in hoton ya zo wayarki ki goge kafin ta gani.

Ba zarginki nake yi ba, kin riƙe ta fiye da yadda zan riƙe. Amma yau zan faɗa miki abin da na haɗiye shekara goma sha shida. Ran da kika zo kika goya ta bayan yaye, a banɗaki na yi kukana don kada a ce ba ni da kunya. Kowa ya ce na kyauta. To ga inda kyautawar ta kai ni.

Kada ki gaya mata komai tukuna, ki ce takardu suna hanya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Sarkin Tsiwa

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya gida, ya Yaya da ƙafarta? Ƙannenki suna gaishe ki, kullum sai Ummi ta tambaye ni ranar da za ki zo.

Ban san yadda ake fara miki wasiƙa ba, takarda huɗu na yaga. Duk saƙona zuwa gare ki ta bakin Yaya yake bi, yau kuwa babu wanda zan aika.

Yaya ta rubuto min cewa kin ci karo da wasiƙata a jakarta kina nemo mata katin asibiti, kin karanta. Ta ce ba ki yi kuka ba. Cewa kawai kika yi ai biyun da aka rubuta ba ƙarya ba ne, kika ɗauki takalmin da na aiko kika ba wata. Tun ranar ba kya zuwa waya. Ban ga laifinki ba, halina kika ɗauko, sai dai ke a ciki kike dafa naki.

Da na karanta sai na ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai na je. Ban gaya wa babanki ba. Ranar Litinin na kai yara makaranta, na hau mota biyu na isa ofishin baƙi. Wani dogon zaure ne mai kujeru a jere, ana ba kowa 'yar takarda mai lamba, tawa arba'in da bakwai. Na zauna na rungume takardar haihuwarki. Na haddace abin da zan faɗa da yarensu, mako guda ina maimaitawa a kicin: ina da 'ya'ya uku.

Aka kira arba'in da biyar. Sai na tuna Auta a kan gadon asibitin gida tana cizon hannuna, ana neman jinin da za a ƙara mata an rasa. Aka kira arba'in da shida. Aka kira arba'in da bakwai. Sau uku aka kira. Wani dattijo da ke gefena ya leƙa hannuna ya taɓa ni, yana nuna min tagar da ake jirana. Na dunƙule takardar na girgiza masa kai. Ina zaune aka kira arba'in da takwas, wata mata ta tashi da jaririnta. Na fito na hau mota, na isa makaranta kafin a tashi yara.

Jibi za ki cika sha takwas, shi ke nan ƙofar ta rufe. Na san abin da za a gaya miki. Babanki zai ce Baffa ne bai iya karatu ba. Yaya za ta ce ƙaddara ce. Kakarki za ta ce kunya ce, kuma kunya ado ce. Na farkon kunya ce, na yarda. Amma ranar Litinin babu suruki a zauren nan, babu Baffa, babu wanda ya san ni balle na ji kunyarsa. Na auna ki da ƙanwarki, na ɗauke ta na bar ki. Ina sonki, Allah ya sani, ban taɓa faɗa miki ba sai yau da faɗar ba ta da amfani. Kuma da za a sake kiran lambar nan gobe, ban san ko zan tashi ba.

Asabar ɗin da ta wuce wani lambu aka kai mu, furanni iya ganinki. Za ki gan ni a hoton ina dariya. Cewa aka yi mu yi.

Ba na roƙon ki yafe min yanzu. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki yarda kowa ya ce miki kuskuren takarda ne. Kin cancanci ki san wanda za ki ji haushi, kuma ni ce.

Ki gaishe da Yaya, ki kula da ita. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki 'ya'yan da za ki ƙirga gaban kowa.

Ni ce,
Mahaifiyarki