Koren Fenti a Ɓawon Fernan

Litinin, 8 ga Yuli

Garinmu Ain Draham ya cika da 'yan hutu. Yau ma sai da na yi wa iyaye bayanin da nake yi duk shekara. Suna zaton koriyar hanya ta fi sauƙi don ta fi gajarta. Ba haka ba ne, ta ma fi shuɗiyar tsawo. Sauƙinta shi ne ba a tunani a kanta: ka ga koren fenti, ka je gare shi, ka hango na gaba, har ka isa marmaro. Shuɗiya akwai hawa. Ja kuwa sai wanda ƙafarsa ta san dutse.

Rabon bana: ni da manyan yara a ja, Lutfi shugaban ƙungiyarmu ta kai yara yawon daji a shuɗiya, ƙanana da Si Shadli a koriya. Shi ya koya mini labarin ƙasa a makaranta. Tun rasuwar matarsa ba abin da ke fitar da shi gida sai yaran nan. Na tuna masa cewa na karkatar da tsakiyar hanyar saboda ƙasar da ta zaftare da hunturu. Ya ce, "Naziha, ki tafi da awakinki, ki bar mini 'yan tsakina. Alama dai zan bi."

Laraba, 10 ga Yuli

Si Shadli ya ɓata hanya da yara. Suka faɗa gangaren tsakuwa na jar hanya, Rihab 'yar shekara bakwai ta yi targaɗe. Shi ya goyo ta har gari. Ubanta, wani mutumin Tunis, a gaban kowa: "Wa ya damƙa wa tsoho yara?"

Malam Shadli dai maimaitawa yake, "Na duba, ban ga alamun ba." Lutfi ya ce, "Haba Malam, a watan Mayu Naziha ta shafa su." Na gyaɗa kai. Gaskiya ce ai.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na bi hanyar ni kaɗai da safe. Ina isa sabon ɓangaren na tsaya cak. Bishiyoyin fernan, masu kaurin ɓawon nan, duk jajaye daga ƙasa zuwa ƙirjina, kamar an feɗe su. Masu ɓare ɓawo sun wuce ta nan makon jiya, an kwashe ɓawon za a yi murfin kwalba da shi. Alamuna sun bi shi.

A jikin ɓawo na shafa fentin. Ni, da mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana wannan aikin. Kowane yaro a garin nan ya san a dutse ake sa alama. Ranar duwatsu a jiƙe suke, ina sauri, kuma na ga dabara ce in sa su daidai idon yara. Har daɗin kaina na ji.

Na koma gida na ɗauko gwangwani, na shafa sababbi a duwatsu. Don kada wasu yaran su ɓata. Don haka ne. Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Juma'a, 12 ga Yuli

Lutfi ya ce mu raka Malam ya nuna inda ya rikice. Ga alamu nan ɓaro-ɓaro a kowane dutse, ko makaho ya laluba. Lutfi ya ce, "Fentinki na da kyau, Naziha, kamar na jiya." Na yi dariya. Allah ya yafe mini, dariya na yi.

Malam ya durƙusa ya dafa dutsen. "A nan na tsaya. Wallahi a nan na tsaya." Muka sauko. Lutfi ya ce masa ya huta kwana biyu, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya.

Asabar, 13 ga Yuli

Rihab ta fara taka ƙafar. Na yi ta gaya wa kaina ke nan magana ta wuce.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na kai masa ɓaure. Na tarar 'yarsa Wafa ta zo daga Tunis tana ninke masa kaya. Ranar Laraba za ta tafi da shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba ta ce zai dawo ba. Ta ja ni gefe: "A bene hawa na biyar muke, amma akwai baranda. Ya fi ya ɓata a daji."

Shi kuma yana zaune yana jera sunayen koguna da yatsu. Ya ce, "'Yata, tambaye ni babban birnin Peru, kafin ya gudu." Na tambaya, ya amsa, ya yi murmushi. Sai ya ce, "Jiya na nemi tabarau yana kan goshina. Da, dariya zan yi. Yanzu zama na yi ina tunani."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne shayin ya yi daɗi.

Talata, 16 ga Yuli

Na kai yarana ƙololuwar dutse, na yi musu bayanin iska da gajimare, ban san me na ce ba. Da la'asar na biya filin da ake jibge ɓawo. Gani kawai na je yi. Na yi ta juya su har hannuna ya kukkuje. Ga fentina nan a jikin wani ɓawo, kore shar, da ɗan zirin da ya zubo ta gefe. Mai gadi ya ce in ɗauka, guda ɗaya ba zai rage komai ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Na kira Lutfi ya same ni a gidan Malam kafin motar da za ta kai su Tunis ta zo. Ban shirya jawabi ba. Na ajiye ɓawon a kan tebur, fentin yana ƙasa. Malam ya ce, "Itacen girki kika kawo mini na sallama?" Na ce, "Malam, ka juya shi da kanka."

Ya juya. Ya kankare fentin da farce, ya shinshina. Na faɗi sauran, har da na ranar Alhamis. Muryata kamar ta 'yar aji uku.

Ya ajiye ɓawon. Can ya ce, "Wafa, sauke jakar nan." Ni bai dube ni ba.

Lutfi ya karɓe jar hanya daga hannuna, ban yi musu ba. Gobe Malam zai fita da 'yan tsakinsa, kuma ana buƙatar wanda zai tsaya a ƙarshen layi yana ɗaure igiyar takalma. Malam bai ce in zo ba. Bai ce kada in zo ba. Na cika gorar ruwata.