Ni Ba Lemo Ba Ce

'Yata Binta,

Ina gaisuwa. Ya maigidan, ya yara, ya sanyin can? Mu nan Nassarawa lafiya lau.

Ɗanki Sadiku, angon nawa, makarantar jinya ta tura su asibiti koyon aiki. Na je allurar gwiwata, sai ga shi, malamarsu na tsaye za ta ba shi maki. Ga shi kuwa a aji lemo kawai suke yi wa allura.

Na ce, "Ango, ni fa ba lemo ba ce!" Na runtse ido, na yi ta salati da ihu.

Malamar ta ce, "Hajiya, ai tuni ya gama."

Shi ya ci, ni na faɗi. A sa mu a addu'a, a gai da kowa.

Innarki