Abin da Maijidda ta kwashe cikin minti arba'in

Unguwar Tudun Wada, Gusau.

Yaya Isma'ila, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Khadija da yara, Allah Ya ƙara wa ɗinkinka albarka a nan Jidda. Mu nan Alhamdu lillahi. Iya na fama da ƙugunta kamar yadda ka sani, amma tana cin abinci, tana sallarta a zaune. A Nahuce ɗan'uwanmu Haliru ya gama yankan dawa, ya ce bana gonar ba ta ba shi kunya ba. Alhaji Shehu zai tafi Umra jibi, shi zan danƙa wa takardar, don maganar ta fi ƙarfin gaisuwar minti biyun da muke yi a waya.

Maganar 'yarka Maijidda ce. Na ji ka hana ta karɓar aikin da aka ba ta a Legas, ka ce aikin kwamfuta danne-danne ne kawai, ta zauna ta yi koyarwa. Ban sa baki ba, sai da na ga abin da ya faru ranar Talata. Asibitin nan mai zaman kansa na Tsafe, inda aka ɗauki hotunan ƙashin Iya, suka kira Maijidda da hantsi, don sun san ta da gyaran kwamfuta. Babbar kwamfutarsu da ke riƙe da bayanan marasa lafiya, wadda suke kira saba, ta fara kuka, faifan da take ajiye bayanan a kai na shirin mutuwa. A ciki har da hotunan Iya, waɗanda likitan Sakkwato ya ce sai ya gani kafin ya sa ranar yi mata aiki, kuma ka san wahalar da ta sha kafin a iya kwantar da ita a ɗauke su. Na yafa mayafi na bi Maijidda tasha.

Muka tarar babu wuta, janareto ya lalace, batir kaɗai ke riƙe da na'urar, an ce da ƙyar ya kai awa guda. Likita sai zufa yake. Ita kuwa ta durƙusa, ta buɗe bayan na'urar, ta saka sabon faifai, ta jona wani ɗan kebul da bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Na tambaye ta nawa za a kwashe, ta ce gigabait ɗari uku. Ka tuna lokacin da nake buga takardu a shagon Malam Bashiru, muna da modem ɗin nan na shiga intanet, mai kururuwa kamar an shaƙe zabo kafin ya kama layin tarho? Hoton sunan Maijidda guda ɗaya da na aiko maka sai da ya cinye min rabin awa, layi ya yanke sau uku. Da wannan ma'aunin nake lissafi, sai na ce mata mu fara ciro na Iya kawai mu tsira da shi. Ta ce a'a, Gwaggo, kowane hoto a nan na iyar wani ne.

Muna jira ta yi min lissafin a bayan katin asibiti. Ta ce modem ɗina, ranar da ya fi lafiya, ƙwayar bayani dubu hamsin da shida yake turawa a daƙiƙa, kebul ɗinta kuma an yi shi ne don biliyan goma sha biyu, wato ya ninka shi fiye da sau dubu ɗari biyu. Da modem ɗina za a yi wannan kwasa, sai an shekara da wata huɗu layi bai yanke ba. Na riƙe baki. Sai ta ce kada in ruɗu, kebul ɗin zai iya gamawa cikin minti biyar, amma tsohon faifan ba zai iya ba shi bayanan da wannan saurin ba, kuma bai kamata in raina modem ba, domin shi daga Gusau ya kai saƙo har Jidda, nata kuwa ko ƙofar ɗaki bai fita ba. Ban taɓa jin wanda ya girmama tsohon aikina haka ba.

Minti arba'in aka gama. Ba ta tashi ba sai da ta buɗe fayil na mutum ashirin ta tabbatar suna buɗuwa. Muna tattara kaya batir ya ɗauke. An tura hotunan Iya Sakkwato, sun sa mata ranar sha biyu ga wata mai kamawa, a taya mu addu'a.

Yaya, ba na ja da hukuncinka, amma ka yanke shi ba ka ga hannunta a kan aiki ba, ni na gani. Game da masauki, Ladidi 'yar Kawu Umar da ke Agege ta ce ɗaki na nan. Mutanen Legas sun ba ta zuwa ƙarshen wata. Takardar ɗaukar aikin tana cikin jakarta, na ce ta sa hannu kawai zan shawo kanka, ta ƙi, ta ce sai ta ji daga bakin Babanta. Ka kira ta.

Iya na sa maka albarka. 'Yar'uwarmu Hafsat da mutanen Bungudu na gaishe ka. Ka gaishe min da Khadija, da Abdulrahman, da ƙaramar Aishatu.

Ƙanwarka,
Adama