Na Gaji Littafin Malamina, Har da Barkwancinsa

Goggo, don Allah ki agaje ni kafin ranar Alhamis, kaina ya ɗaure.

Shekara goma ina aikin jinya a ɗakin masu ƙuna. Watan jiya aka ɗauke ni koyarwa a kwalejin da na yi karatu, murna kamar in tashi sama. Ajin malamina aka ba ni, wanda muke kira Baba Jan Biro. Da zai yi ritaya ya damƙa min littafin darasinsa da hannunsa. Mutumin nan ko barkwanci rubuta shi yake a gefen shafi, har da inda za a dakata a yi dariya.

To ni tsoro ya sa nake karanto shi tiryan-tiryan. Ran nan ban ankara ba na rantse wa ɗalibai da furfurar gemuna. Ni da ɗankwalina, Goggo! Wata har faɗowa ta yi daga benci don dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shekaranjiya kuma na manta littafin a gida. Sai na jawo hannun wata ɗaliba, na nuna musu yadda ake raba yatsun da suka ƙone da auduga kafin a naɗe, na ba su labarin ranar da na manta yin haka da irin kukan da na sha. Lokaci ya wuce ba wanda ya duba agogo. Har bakin ofis suka rako ni da tambayoyi. Rabon da in ji daɗi haka na manta.

Alhamis shugabar sashe za ta zauna a ajina, rahotonta ne zai sa a tabbatar da ni ko a sallame ni. Ita ma ɗalibar Baba ce. In riƙe littafin ko in ajiye? Ajiyewar sai nake jin kamar butulci.

Sabuwar Malama

'Yata,

Sai da na goge hawayen dariya kafin na ɗauki biro. Barka da samun aiki.

Kada ki raina littafin. Shekaru Baba ya yi yana gano abin da ya kamata ya zo farko da inda ɗalibai ke tuntuɓe, kuma wannan ba ki da shi tukuna. Daɗin shekaranjiya ma kada ya ruɗe ki, ba kullum ake shiga aji babu shiri a fito lafiya ba.

Amma ɗaliban nan kin ga abin da ya tsayar da su: hannunki da gaskiyarki. Malamar da ta iya faɗin kuskurenta a gaban aji ta riga ta kama hanya.

Saboda haka ki karanta shi a gida. Ki fitar da kanun darasin a ƙaramar takarda, ki cika da majinyatan da kika gani da idonki. Ki kira na bayan aji da sunayensu. In an yi tambayar da ba ki sani ba, ki ce za ki binciko, kuma ki binciko. Shugabar ta riga ta san Baba, ke ta zo gani.

Batun butulci kuwa, ki cire shi a ranki. Ki je ki gaishe shi kafin ranar, ki ba shi labarin nan duka. Tsohon malami ba abin da yake jira kamar a zo a ce masa ɗalibarsa ta tsaya da ƙafarta.

Allah ya ba da sa'a, ya sa ki daɗe a ajin nan.

Goggonku