Geron Babana

Lahadi, 25 ga Zulƙida
Hadari a gabas! Iskar ma ƙanshin ruwa take yi. Ni kuwa ba ni da ƙwayar iri, tunda wuta ta cinye rumbuna da bazara. Abin tuwo maƙwabta sun kawo, Allah Ya saka. Amma iri fa? Na je kasuwar Ɗanbatta, wani ya miƙo min na leda, wai na zamani. Na ce ya kai wa kaji. Geron da ubana ya bar min nake so, mai doguwar zangarniya.

Litinin, 26
Indo ta ce, "Malam, ka je wajen Dabo mana." Shekara arba'in muna tare da matar nan, har yau ba ta san ni ba. Dabon da na kama yana yanke min zangarniya a kan iyakar gonarmu, shekara goma sha ɗaya ke nan? Ko a masallaci ba na tsayawa kusa da shi.

Laraba, 28
Ruwa! Ruwa sosai, tun hantsi har la'asar. Na tona ƙasa da hannu, laima ta wuce taƙi guda. Na yi ta dariya ni kaɗai, sannan na tuna ba ni da iri.

Alhamis, 29

Da safe na ji sallama a zaure. Dabo ne, da dami a ka. Ya sauke, ko kallona bai yi ba. Na zaro zangarniya ɗaya. Wallahi shi ne, geron babana! Tsawon nan, ƙwayar nan mai duhu. Na gutsura da haƙorin da ya rage min, shi ne dai.
Na ce, "Ina ka samo?"
Ya ce, "Inda ka kama ni. Sau uku na roƙe ka iri ka hana, Mani. Tun lokacin shi nake shukawa."
Na ce ashe dai ɓarawo ne. Ya ce, "To, ɓarawo ya dawo da kaya. Ɗauko sungumi, ƙasa za ta sha iska."
Indo da matarsa Aina'u suka sussuke nan take, suna ta shewa kamar gidan biki. Shi yana sara, ni ina zubawa ina rufewa da diddige. Kafin magariba mun gama rabi.

Juma'a, 1 ga Zulhajji
Mun ƙarasa. Saransa ya cika kusa-kusa, na faɗa masa.

Talata, 5
Ya tsiro! Layi-layi, har bakin kuka. Na durƙusa na taɓa da yatsa.
Dabo yana can cikin tasa gonar, sai yanzu yake tasa shukar. Ashe tawa ya fara yi. Na ɗan tsaya, na ce masa sannu da aiki. Ba wani abu ba ne, rana ce ta yi zafi, kuma sarkin taurin kan ba shi da mai rufe masa. Gobe zan leƙa da wuri, don kada ya ɓata irin babana.