Inuwar Mama a Farin Ƙyalle

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Ina fatan Rahila da yara suna lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai kunya ta hana ni sakat.

Ran Asabar aka kawo majigi filin makaranta, aka nuna wa yara fim ɗin zane, itatuwan daji suna rawa suna waƙa. Ka san irin itatuwan da Mama ta daina yi wa yanka tun da ta karɓi baftisma. Muna zaune tare da ita, kawai ta miƙe, inuwarta ta rufe farin ƙyallen da ake haska fim ɗin, ta ɗaga murya da waƙar sujada. Fili ya ɗauki dariya. Ni kuwa na fizgi zanenta, na ce, "Zauna, kin ba mu kunya!"

Ta zauna. A hanyar gida ta ce, "Saratu, jikokina nake tsarewa."

Jiya a coci aka ɗauko waƙar nan tata. Ina kallonta, ba ta buɗe baki ba har aka gama.

Ka gaida kowa. Ka yi mini addu'a in iya durƙusawa gabanta, ko ta sake yin waƙa.

Ƙanwarka,
Saratu